Ruwan Azahar da Ruwan Asuba

Tsibirin Bonebalang, 8 ga Satumba, 1997

Ndi' Muhlis,

Assalamu alaikum, ƙanina. Ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya a Bogor, can tsibirin Jawa. Mahaifiyarka tana nan kalau, tarin ya sake ta. Ruwan sama bai sauka ba tun watan Mayu, rijiyar masallaci ta fara ɗanɗanon gishiri. Gaisuwar ke nan, ba ni da zuciyar ƙara wata.

Kifayen sun mutu. Shingen ragar da ka sa muka kafa a cikin ciyawar teku bayan masallaci, da 'yan kifin baronang ɗin da mu mata goma sha ɗaya muka yi wata huɗu muna ciyarwa, duk sun tafi a safiya guda, ranar Alhamis da ta wuce. Zan faɗa maka yadda aka yi bi da bi, daga littafina nake kwafowa.

Ina gaban kasko ina soya jalangkote, samosan karin kumallon masunta, kamar kullum, gari bai gama wayewa ba, sai na ji ihun Daeng Sunggu, ɗaya daga cikin matan. Na sauke kasko na fita da gudu. Ruwa ya janye har bai kai gwiwa ba, iska ko kaɗan ba ta motsi. Kifi kwance fari fat a kan ciyawa, wasu suna buɗe baki a sama. A tsakiyarsu kuma ga Daeng Gassing tsaye da wuƙa, ya yanka raga kamar kamu huɗu. Yayana ciki ɗaya, Ndi'. Wanda ya ɗora ka a kafaɗa ya koya maka iyo lokacin da mahaifiyarka ta kawo ka gidanmu.

Sunggu tana ta cewa, "Ku zo ku gani! Ku zo ku ga aikin mai kwalba!"

Shi kuma ya ce, "Ke makauniya ce? Kifi suna sama suna haɗiyar iska, ku kuna can kuna minshari. Na yanka ne su fita."

Ta ce, "Ka ji mai tausayin kifi. A kurkuku aka koya maka, Daeng?"

Ka san shekara huɗu ke nan da aka kama shi yana nutso da kwalbar gubar potas mai sumar da kifi, ya yi wata uku a tsare. Ya rantse ya bari, ni ma na yarda ya bari. Amma kowa ya tuna ranar da muke kafa turaku ya tsaya yana dariya, ya ce kifin nan ba za su ga ƙarshen rani ba.

Da hantsi mai gari, Pak Desa, ya tara mu a barandar masallaci. Bai tambayi Gassing komai ba, ni ya juya wa. Ya ce, "Tarring, ke ce mai makaranta. Me littafi ya ce?" Na buɗe na karanta. Ranar Litinin takwas. Talata tara. Laraba takwas da rabi. Kai ka ce mini in na ɗiga maganin a kwalba na gwada da katin launi, duk abin da ya haura biyar iskar da ke cikin ruwan ta ishi kifi, sai ya sauko ƙasa da uku ne za a ji tsoro. Kwana ɗari da ashirin da shida ina aunawa, ban tsallake ko ɗaya ba, har ranar da zazzaɓi ya kama ni na je. Ban taɓa ganin ƙasa da bakwai ba. Na faɗa musu haka. Sai kowa ya juya yana kallon Gassing.

Na haɗa maka da lambobin duka a takarda ta biyu. Na duba su sau uku ko na yi kuskuren kwafa, ban gani ba, amma ka sake dubawa, idona ba kamar da ba ne. Ka faɗa mini abu ɗaya: ruwa ne ko guba? Kai ka kawo mana wannan aiki da bakinka mai daɗi, ka ce ciyawar teku gidan kifi ce, ka hau jirgi ka tafi. Kada ka bar ni da shi ni kaɗai.

Yayarka,
Daeng Tarring

*

Bonebalang, 23 ga Satumba

Ndi',

Sallama. Lafiyarmu kalau, in ana kiran wannan lafiya.

Jirgin wasiƙu ya zo sau biyu daga birnin Ujung Pandang. Sau biyu ina tsaye a kan gadar jirage kamar mai jiran miji, matuƙin har ya fara yi mini ba'a. Hannunka ne ya karye, ko takarda ce ta ƙare a Jawa?

Pak Desa ya ce ba zai yanke hukunci ba sai amsarka ta zo, tunda kai ne masani. In ka ce guba ce, Gassing zai zaɓa: ko a miƙa shi ga 'yan sanda, ko ya bar tsibirin. Ka gane? Zaman yayana a garin da aka binne cibiyarsa yana jiran alƙalaminka, kai kuma ko oho.

Babu mai hawa jirgi da shi yanzu. Shi kaɗai yake fita, shi kaɗai yake dawowa. Jiya na aika wa matarsa Daeng Bau da dafaffiyar shinkafar songkolo', ta dawo mini da kwanon da kanta, ko murfin ba ta ɗaga ba. Ta tsaya a gindin tsani ta ce, "Ki auna shi tukuna, Ibu Dokta, ko da guba a ciki." Maƙwabta suka yi dariya. Na rubuta maganar a littafi, ban san dalili ba. Hannuna ya saba.

Ina ci gaba da aunawa ko da babu kifi. Yau takwas.

Ka amsa.

Tarring

*

Bogor, 20 ga Satumba

Daeng Tarring,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, na ji daɗin tarin Amma' mahaifiyata ya tafi, ki gaishe ta. Wasiƙarki ta yi kwanaki a wurin mai gidan da nake haya, ina can wajen aikin gwaji, jiya na dawo. Kada ki ce na yi banza da ke.

Raina ya ɓaci da labarin kifayen, amma yadda kika rubuto kamar ni na kashe su ya fi ɓata mini rai. Na duba lambobinki ɗaya bayan ɗaya. Babu kuskure. Ruwan da ke nuna takwas da tara ba ya shaƙe kifi, wannan ɗan aji ɗaya ma ya sani. In cuta ce, da sun riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan, kwana da kwanaki. Kifi ɗaruruwa su mutu cikin sa'a guda a ruwa mai kyau, abu ɗaya na sani yana yin haka, ku ma kun san shi a tsibirin fiye da ni.

Ba zan kama sunan kowa ba, ban ga komai da idona ba. Amma kada ki yarda a ce tsarin ne da laifi. Na san mutanenmu, da ma jira suke su ce ɗan boko ya zo ya yaudari mata. Wanda bai so shingen ba tun farko, an san shi.

Ina sauri, gobe zan ga malamina.

Ƙaninki,
Muhlis

*

Bonebalang, 4 ga Oktoba

Ndi' Muhlis,

Sallama. Amma' ɗinka tana amsawa. Ni kuma kwana uku ke nan abinci ba ya wuce mini.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata. Jiya bayan sallar Juma'a Pak Desa ya sa na karanta ta a gaban jama'a. Na so in tsallake layin ƙarshe, na wanda bai so shingen ba, amma ya karɓi takardar ya karanta shi da kansa, da ƙarfi. Ka ce ba za ka kama suna ba. Me ya rage ban da ka zana hotonsa?

Gassing yana zaune a jikin ginshiƙi yana naɗa taba. Pak Desa ya ce masa ya zaɓa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Shekara arba'in da shida ina cikin ruwan nan. Yau takarda biyu sun fi ni saninsa, ɗaya daga kicin, ɗaya daga Jawa." Pak Imam ya ce ya yi haƙuri ya dafa Alƙur'ani, a rufe maganar. Ya ce, "Na dafa shekara huɗu da suka wuce, Pak Imam. In wancan bai ishe ku ba, wannan ma ba zai isa ba."

Yau da safe ya hau jirgin kasuwa. Zai je tashar jiragen Paotere a Ujung Pandang ya yi dakon kwandunan kifi. Bau da yara uku suna nan. Na je gada, na tsaya kawai da littafin a hannu, don ko shi ban tuna na ajiye ba. Ya dube ni ya dubi littafin ya ce, "Ruwan da kike aunawa da wanda na gani ba ɗaya ba ne, Ndi', ƙanwata." Na ce ruwa ɗaya ne, wuri ɗaya, a gindin turke na uku. Ya tofar da yawu a teku ya shiga jirgi.

Ina jin haushinsa. Da ya buɗe baki ya yi bayani kamar mutum, da ya roƙi arziki ko sau ɗaya, da ba a kai nan ba. Girman kai ne zai kashe shi. Ina jin haushinka, kai da ka rubuta layi ashirin kana sauri. Sunggu kuwa, da ta zo yau tana cewa Allah ya raba mu da irinsa, na kusa watsa mata mai.

Amma maganarsa ta tsaya mini. Ka san halina, in na kulle ƙofa sai na koma sau biyu na taɓa. Na sake bin littafin tun shafin farko. Ban canja turke ba. Ban canja kwalba ba, ina wanke ta sau uku da ruwan wurin. Ɗigo biyar na farko, biyar na biyu, kamar yadda ka nuna. Ban canja lokaci ba ko sau ɗaya: kullum bayan sallar azahar, da na gama da kasko da wanke-wanke, lokacin da ganyen ciyawar ke cike da ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. To ina kuskuren? Ko maganin ne ya lalace da zafi? Ko idona ne ba ya rarrabe launi? In ka ga wani abu ka faɗa, ko da ni ce mai laifin.

Tarring

*

Bogor, 15 ga Oktoba

Daeng,

Sallama, ina lafiya. Bayan azahar? Duk lambobin nan ɗari da ashirin da shida na bayan azahar ne? Me ya sa ba ki rubuta lokaci a takardar da kika aiko ba? Kwanan wata da lamba kawai kika jera mini!

Ki saurara da kyau. Ciyawar teku mai rai ce, kuma aikinta na rana daban, na dare daban. Da rana tana shan haske tana haɗa abincinta, tana fitar da iska. Kumfan da kike gani a ganye, ita ce. Bayan azahar ruwan yana ƙoshe da iska fiye da kowane lokaci, ko jaki ya auna zai samu tara. Da rana ta faɗi sai ta daina fitarwa, amma ba ta daina shaƙa ba. Tana ci daga abincin da ta tara, tana zuƙar iskar ruwan, har tana tura wata ƙasa ga saiwarta a cikin laka. Lakar ma tana sha, kaguwa suna sha, kifi suna sha. Haka za a kwana ana ragewa babu mai ƙarawa. Gab da fitowar rana ne ruwan ya fi talauci. In aka haɗa da zafi irin na bana, ga ruwa ya janye, ga iska ba ta kaɗa shi, ciyawa mai kauri tana iya shanye kusan duka. Kifin da yake sake yana ficewa ya bi mashigi mai zurfi. Namu raga ta tsare su.

Daeng Gassing gaskiya ya faɗa. Na kasa zama tun da na karanta.

Amma ke ma, Daeng, ina hankalinki? Kifi sun mutu da asuba, ke kin kawo lambar azahar kin karanta a gaban gari. Ko tunani bai ba ki ba? Kin sa na rubuta abin da ya kori mutum daga gidansa. Da kin sa lokaci a gefen lamba ɗaya tak, da na gane tun a wasiƙar farko.

Ki auna kafin rana ta fito ki gani. Ki gaggauta.

Muhlis

*

Bonebalang, 28 ga Oktoba

Muhlis,

Sallama. Mahaifiyarka lafiya. Ban gaya mata abin da ka rubuto ba, don kada ta ji kunya.

Ina hankalina? Bari in kwafo maka wata takarda da ke manne a bangon littafina, da rubutun hannunka: "Ki auna sau ɗaya a rana, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya kullum. Ki rubuta kwanan wata da lamba." Shi ke nan. Nuna mini asuba a ciki. Ranar da ka ba ni kwalbar na tambaye ka wane lokaci, kana ɗaure jakarka ka ce, "Duk lokacin da ya yi miki, Daeng, kada dai ki canja." Wannan ma na rubuta, shafi na biyu. Ka san da asuba ina gaban wuta tun kana sa gajeren wando. Ka ci jalangkote ɗin nan har ka yi ƙiba ka tafi jami'a. Wurin shingen kuma, mu muka ce a sa kusa inda mace za ta taka da ƙafa ba sai da kwalekwale ba, kai ka zaga ka nuna inda ciyawa ta fi kauri ka ce nan ya fi. Duk wannan karatun na rana da dare yana cikin kanka lokacin, ko sai da aka kori yayana ya shigo?

Kuma ba kai ka gano mini ba. Wasiƙarka ta iso jiya, ni tun tara ga wata na sani. Maganar Gassing ce ta hana ni sakat. Na ce to, in ba wuri ba ne ya bambanta, sai lokaci. Ran nan ban hura wuta ba, na yi sallah na ɗauki kwalba na shiga ruwa. Ɗumi kamar na wanka. Kaguwa sun hau can saman ganye sun yi cirko-cirko, ƙananan kifi suna ta lasar sama. Na ɗiga magani. Maimakon ja sosai da na saba gani, ruwan ya tsaya fari-fari. Ɗaya da rabi. Na zubar na sake, ɗaya da rabi. Na ce maganin ya mutu. Na dawo bayan azahar da kwalbar nan da maganin nan, tara.

Washegari na yini a bakin ruwa ina aunawa. Fitowar rana biyu. Hantsi biyar. Azahar tara. La'asar tara da rabi. Magariba bakwai. Bayan isha'i biyar. Kamar mai cika tulu da rana, da dare ya shanye abinsa.

Yanzu ga abin da ba ka zarge ni da shi ba, wanda shi ne laifina na gaske. Na sani tun ranar tara, yau ashirin da takwas, ban gaya wa kowa ba. Na ce sai na maimaita kwana bakwai, ko sa'a ce. Da bakwai suka cika na ce sai an ga ruwa mai cika da mai janyewa. Da aka gani na ce sai wasiƙarka ta zo. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoron bakin Sunggu nake ji, da ranar da za a ce mai makarantar ta kori yayanta da lambar banza. Kwana goma sha tara Gassing yana ɗaukar kwando a Paotere saboda ina jin kunya. Masunta suna ta mita babu jalangkote, na ce musu ciwon baya nake yi.

Gobe zan je wurin Pak Desa. Kai kuma ka rubuto takarda da sunanka cikakke, ka ce kai ka tsara, kai ka manta da asuba, kai ka nuna mutum da yatsa daga nesa. Ba ni za ka rubuta wa ba. In ba za ka iya ba, kada ka sake kira na Daeng, ni ba yayarka ba ce.

Tarring

*

Bonebalang, 16 ga Nuwamba

Ndi' Muhlis,

Sallama. An yi yayyafi shekaranjiya, bai jiƙa ƙasa ba amma an gode Allah. Amma' ɗinka tana tambaya ko za ka zo hutu, na ce ban sani ba.

Takardarka ta zo, na miƙa wa Pak Desa, ya karanta ranar Juma'a. Ta yi, ko da yake "wataƙila" ta yi yawa a ciki. Amma kafin ta zo an gama, ga yadda aka yi.

Pak Desa bai so ji ba. Ya ce, "Littafi ɗaya ya ce guba, yau kuma littafin nan ya ce ba guba ba. Gobe me zai ce, Tarring? Ni ƙwallo ne?" Na ce kada ya yarda da littafin, ya zo ya gani. Washegari da aka idar da sallar asuba na tsaya a ƙofar masallaci da kwalba. Maza kusan ashirin suka naɗe zani suka bi ni cikin ruwa, mata suna kallo daga tudu. Na ba Pak Imam maganin ya ɗiga da hannunsa. Fari. Wani tsoho ya ce, "To wannan ai kowa ya sani, ba a jefa taru a ciyawa da asuba a irin wannan wata, babu kifi." Na ce, "Kowa ya sani, Tata, amma ranar da aka kori Gassing kana zaune a sahun gaba kana jan carbi." Bayan azahar muka koma, Pak Imam ya sake ɗigawa, ja wur. Sunggu ta ce sihiri ne na 'yan boko. Bau ce ta amsa mata, ba ni ba, kuma ba zan rubuta abin da ta ce ba, ko a littafina ban sa ba.

Pak Desa ya janye hukuncin a ranar. Ya ce a aika wa Gassing. Na ce ba aike, ni zan je.

Na same shi a Paotere da hantsi, kwando a kafaɗa, ruwan kifi yana zuba masa a baya. Ya rame, kafaɗar ta sale. Ya gan ni bai tsaya ba, sai da ya kai kaya uku. Sannan ya zo ya zauna a kan wani akwati ya ce, "An sake mutuwa ne, ana neman mai kwalba?"

Na gaya masa komai, har da kwana goma sha taran. Na ɗauka zai zage ni, na shirya. Ya dubi jirage ya ce, "Gidana da naki taku nawa ne?"

Na ce, "Ban ƙirga ba, Daeng."

Ya ce, "Ashe akwai abin da ba ki ƙirga ba. Talatin ne. Kin aika tambaya Jawa, ta yi sati uku a hanya. Ni ina taku talatin, na ce miki kifin ba za su ga ƙarshen rani ba, ba ki ce mini don me ba."

Na ce, "Dariya kake yi lokacin."

Ya ce, "Da kuka zan yi? Ku kuna da kati mai launi, ni tsohon fursuna."

Na buɗe littafin a shafin huɗu ga Satumba. Ka san abin da ke wurin, da hannuna: "An ga Daeng Gassing a shinge da wuƙa. Ruwa lafiya, takwas da rabi jiya." Na kama shafin zan yage a gabansa. Ya riƙe mini hannu, hannunsa duk ɓawon kifi.

Ya ce, "A'a. Ki yage, shekara goma nan gaba a ce ba a yi ba? Bar shi. Rubuta a ƙarƙashinsa."

Na ce, "Me zan rubuta?"

Ya ce, "Ke ce mai makaranta."

Na ɗora littafin a gwiwa na rubuta, yana tsaye a kaina yana bin alƙalamin da ido, ko da yake karatunsa sai a hankali. Na rubuta cewa ruwan ba lafiya yake ba, cewa ya yanka raga ne don ya ceci kifinmu, cewa ni Tarring ƙanwarsa na karanta lambar azahar a kan mutuwar asuba, kuma na sani kwana goma sha tara na yi shiru. Na sa kwanan wata na miƙa masa. Ya karanta har ƙarshe, leɓensa yana motsi, ya dawo mini da shi.

Ya ce, "Ba ki gama ba."

Na duba, ban ga abin da na bari ba.

Ya ce, "Sa lokaci."

Na tambayi wani mai agogo, na rubuta: ƙarfe goma da kwata na safe.

Ya dawo ranar Asabar. Bai shigo gidana ba tukuna, ni ma ban matsa ba. Bau ta karɓi kwano jiya, ta dawo da shi wankakke. Matan suna so a sake kafa shinge, na ce sai wanda ya san wurin ya nuna, ba ni ba, ba kai ba. In kana da abin faɗa masa, ka rubuta masa da sunansa, gidansa yana nan inda ka san shi.

Yau da asuba biyu da rabi, ƙarfe biyar da minti ashirin.

Yayarka,
Daeng Tarring